Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu ɗaukar sababbin ma'aikata a fagen tallan injin bincike

Zuwa ga masu kamfanonin talla, da shugabannin sassan kasuwanci, da jami'an da ke tace takardun masu neman aiki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku.

Ni ma'aikaci ne a wannan fage naku. Na daɗe ina kula da asusun talla na kamfanoni, ina kuma gyara shafukan intanet domin su fito a sakamakon injin bincike, wato irin su Google. A 'yan shekarun nan nakan zauna da matasa, maza da mata, masu son shiga sana'ar, in duba takardunsu, in nuna musu ɗan abin da na sani. Da yawunsu nake magana. Su kansu ba za su rubuto muku irin wannan ba, domin mai neman aiki ba ya ɗaga murya a gaban wanda yake fatan ya ɗauke shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne yadda sanarwar guraben masu farawa ta koma: a sama an rubuta cewa gurbin na sabon shiga ne, a ƙasa an jera sharuɗɗan da ba mai cika su sai wanda ya riga ya yi shekara biyu ko uku a cikin aikin.

Ranku ya daɗe, bari in fara da wannan sharaɗi na shekaru, domin sauran koke-koken daga gare shi suka tsiro. Akwai sana'o'in da mutum zai zauna a ɗakinsa ya ƙware. Mai zane zai zana ya nuna. Mai rubuta manhaja zai rubuta ya ɗora a intanet, kowa ya gani. Tamu ba haka take ba, kuma kun fi ni sani. Ku dubi ɓangaren tallan da ake biya a kan kowace dannawa. Duk wanda ya iya karatu zai karanta cikin yini guda cewa duk sa'ad da mutum ya rubuta wani abu a Google, nan take ake yin gwanjo tsakanin masu talla, kuma yawan kuɗi kaɗai ba ya cin gwanjon, ana duba ingancin tallan da na shafin da zai kai mutum. Zai karanta cewa akwai makin inganci daga 1 zuwa 10, wanda aka gina a kan abu uku: yiwuwar a danna tallan, da dacewarsa da abin da aka nema, da yadda shafin da aka sauka yake. Zai haddace cewa Google na iya kashe ninki biyu na kasafin yini a rana guda, amma a wata ba zai karɓi fiye da kasafin yinin sau 30.4 ba. Wannan duka karatu ne, kuma matasan nan sun yi shi.

Abin da kuke kira ƙwarewa daban yake. Shi ne mutum ya buɗe rahoton kalmomin da jama'a suka rubuta kafin tallan ya fito musu, ya hango cewa kuɗin mai kaya yana tsiyayewa a kan masu neman kyauta, ko masu neman aiki a kamfanin, ko ɗalibai masu neman bayani. Ya toshe waɗannan kalmomin, ya kuma gane wace kalma ce in ya toshe ta zai kori masu saye na gaske tare da su. Irin wannan ido ba ya buɗewa sai a kan asusu mai rai, wanda kuɗin gaske ke gudana a cikinsa. To, matashin da bai taɓa karɓar albashi ba, a ina zai samo kuɗin da zai zuba? Hatta Keyword Planner, manhajar da ake duba yawan masu neman kalma da ita, ba ta nuna wa asusun da ba ya kashe kuɗi sosai ainihin adadi. Kintace mai faɗi take ba shi, ta ce masa tsakanin 1,000 da 10,000, ta bar shi a nan.

Ɗaya ɓangaren, wato gyaran shafi don ya hau sama ba tare da an biya talla ba, ya fi sauƙin shiga ta fuskar kuɗi, amma yana cin lokaci. Google da kansa ya faɗa a jagorar da ya rubuta wa masu kasuwanci cewa yawanci sai an yi wata huɗu zuwa shekara guda kafin a aiwatar da gyara a kuma ga amfaninsa. Nakan shawarci kowane matashi ya buɗe shafin kansa ya gwada, da yawa kuma suna yi. Sai dai shafi mai rubuce-rubuce ashirin ba zai koya wa mutum abin da kantin intanet mai kaya dubu hamsin zai koya masa ba: yadda ake ƙaura da shafi gaba ɗaya zuwa sabon adireshi ba tare da an yi asarar maziyarta ba, yadda ake karkatar da tsofaffin adireshi zuwa sababbi, yadda ake magance shafuka masu maimaita juna. Bayanan Search Console kuwa, wato manhajar Google mai nuna yadda shafi ke fitowa a bincike, ba a nuna su sai ga mai shafin, ko wanda mai shafin ya ba izini. Kun ga ke nan ƙwarewar da kuke nema tana kulle a cikin asusun da ke hannunku. Idan kuka ce ba za ku ɗauki mutum ba sai ya zo da ita, tamkar an ce wa yaro kada ya kusanci ruwa sai ya iya iyo.

Akwai kuma tambayar da nake so ku yi wa kanku: shekarun nan da ake ƙirgawa, me suke aunawa? Ba na raina gogewa, ni ma da ita nake cin abinci. Amma wannan fage ba ya zama wuri ɗaya. Tun da aka ƙaddamar da AdWords, dandalin tallan Google, a 2000, wanda aka sauya wa suna zuwa Google Ads a 2018, kusan kowace shekara sai an rushe wani abu da muka saba da shi. Sabuntawar Panda ta 2011, wato sauyin da Google ya yi wa yadda yake jera shafuka, ta kayar da shafuka masu rubutu marar nauyi. Penguin ta 2012 ta kayar da masu tara mahaɗai na bogi, wato adireshin da ake dasawa a wasu shafuka suna nuni zuwa naka. Dabarun da wasu suka yi suna da su kafin nan, bayan nan sun zama guba. A 2021 aka fito da Performance Max, wani tsarin talla na Google Ads, inda na'ura ke yanke mafi yawan shawarwarin da a da mutum ke yankewa. Daga ƙarshen Yunin 2022 aka daina barin kowa ya ƙirƙiri tsohon samfurin tallan rubutu, aka koma wanda za ka ba na'ura kanun magana har 15 da bayanai har 4, ita ta riƙa haɗawa. Ranar 1 ga Yulin 2023 tsohon Google Analytics, manhajar auna maziyartan shafi, ya daina karɓar bayanai, dukanmu, babba da yaro, muka koma ɗalibai a gaban sabon. A Mayun 2024 kuma Google ya fara sanya amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka, daga baya ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe. Google ya sha faɗa cewa kashi 15 cikin 100 na abin da ake nema a kullum bai taɓa ganin irinsa ba. A sana'a irin wannan, wanda ya iya koyo da sauri, ya iya karanta lambobi, ya iya tambayar dalilin abu, shi ne mai daraja, kuma waɗannan halaye ana ganinsu a matashi tun ranar farko in an zauna da shi.

Kuka na biyu shi ne cusa ayyuka da yawa a gurbi ɗaya. Sanarwa guda za ta nemi wanda ya iya tallan Google da na Microsoft, ya iya gyaran shafi har cikin lambobinsa, ya iya rubutu, ya iya zane, ya iya haɗa bidiyo, ya kula da Facebook da Instagram da TikTok, ya aika saƙonnin imel, ya kuma rubuta rahoton wata. A babban kamfani wannan aikin sashe guda ne mai mutane da dama. Matashi mai gaskiya in ya karanta jerin sai ya ce bai cancanta ba, ya wuce. Wanda bai damu da gaskiya ba sai ya rubuta cewa ya iya duka. Ta haka sanarwarku ke kore muku mutanen kirki tun kafin ku gan su.

A cikin jerin nan har da sunayen manhajojin nazarin shafuka da kalmomin bincike irin su Ahrefs da Semrush. Waɗannan kayan aiki ne masu kyau, amma kuɗin wata ake biya, kuma an yanka kuɗin ne da kamfanoni a zuciya. Screaming Frog, manhajar da ke bin shafi tana zaƙulo kurakuransa, na kyautarsa yana tsayawa a adireshi 500. Idan kuka mayar da iya waɗannan manhajoji sharaɗi, aljihun iyayen mutum kuke aunawa. Alhali duk wanda ya fahimci abin da ake nema a cikinsu, mako ɗaya ko biyu ya ishe shi ya saba da maɓallansu.

Takardun shaida ma an bar matasan cikin ruɗu a kansu. Jarrabawar Skillshop, dandalin koyarwa na Google, kyauta ce, shaidarta kuma shekara guda take yi ta mutu, sai an sake zama. Kuna rubuta ta a cikin sharuɗɗa, matasa su yi ta zama suna sabuntawa, in sun zo ganawa kuma a ce musu ai wannan takarda ba ta nuna komai. In tana da amfani, ku ba ta maki. In ba ta da shi, ku cire ta daga sanarwar. Haka batun digiri: da yawa daga cikin gwanayen da na yi aiki da su ba kasuwanci suka karanta ba, akwai mai tarihi, akwai mai lissafi, akwai wanda bai gama jami'a ba.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ci mini rai, wato aikin gwaji na kyauta. Babu laifi a gwada mutum kafin a ɗauke shi, hasali ma gwaji ya fi ƙirga shekaru adalci. Laifin yana cikin girman abin da ake nema da kuma inda yake ƙarewa. Wata daga cikin matasan da nake duba wa takardu ta nemi gurbi a wani kamfanin talla. Suka aiko mata da adireshin shafin wani abokin cinikinsu na gaske, suka ce ta bincike shi ciki da waje, ta fitar da kurakuransa, ta jera kalmomin da ya kamata a nema, ta tsara aikin wata uku. Ta hana idonta barci, ta yi aikin da ni kaina zan karɓi kuɗi a kansa. Ta gano shafukan kaya da aka hana injin bincike gani bisa kuskure, ta sake rubuta kanun shafuka masu yawa. Ta aika. Ba a kira ta ba, ba a rubuto mata ko layi ɗaya ba. Bayan wani lokaci ta buɗe shafin, sai ga kanun da ta rubuta, kalma da kalma, suna zaune a wurin. Da ta nuna mini, ba asarar gurbin ce ta fi damunta ba. Tambayata ta yi ko haka sana'ar take, ko haka za ta yi ta yi wa mutane aiki suna ɗauka. Na rasa amsar da zan ba ta wadda ba za ta kunyata mu ba.

Ranku ya daɗe, wannan cin gumin mutum ne, ko da wanda ya yi bai ɗauke shi haka ba. Wataƙila wani ma'aikaci ne ya ga shawara mai kyau a cikin tarin takardu ya ce bari a yi amfani da ita. Amma abokin cinikin nan ya biya kamfanin kuɗin wannan gyara, wadda ta yi gyaran kuwa ko godiya ba ta samu ba. Kuma irin wannan gwaji mai cin kwanaki yana tace mutane ta hanyar da ba ku yi niyya ba. Mai wani aikin da yake ci da kansa da shi, da mai jinyar iyaye, da mai goyo, da wanda intanet ke masa tsada, duk za su janye. Wanda zai rage shi ne mai lokacin da ba a biya, ba lallai mai basira ba.

Sai batun albashi da shiru. Sanarwa da yawa ba sa faɗin ko nawa ne, sai mutum ya wuce ganawa uku ko huɗu sannan ya ji adadin da ba zai riƙe shi ba. Wasu ma sukan juya tambayar kan matashin, su ce nawa yake so, alhali shi ne mafi ƙarancin sanin kasuwar a cikin ɗakin. Duniya ta fara barin wannan ɗabi'a. Jihar Colorado ta Amurka ta wajabta bayyana albashi a sanarwar aiki tun 2021, birnin New York ya bi sahu a Nuwamban 2022. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 wadda ta ba mai neman aiki haƙƙin sanin albashin farawa kafin ganawa, ta hana a tambaye shi abin da yake karɓa a baya, ta kuma ba ƙasashenta wa'adi zuwa Yunin 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu. Ba sai doka ta iso inda kuke ba kafin ku yi abin da ya dace. Shirun da ake yi wa wanda ba a ɗauka ba kuwa, a fagen da muke tsara saƙonni masu tafiya da kansu zuwa ga dubban mutane, ba shi da uzuri.

Ina roƙonku kuma ku yi hattara da manhajojin da ke tace takardu kafin idon mutum ya gan su. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar gwaji ta tace masu neman aiki, bayan an gano tana rage wa takardun mata maki, saboda an horar da ita a kan takardun shekaru goma waɗanda yawancinsu na maza ne. Birnin New York ya fara aiki da doka a Yulin 2023 wadda ta ce dole a binciki irin waɗannan manhajoji don gano son kai kafin a yi amfani da su. Mu da muka san yadda na'ura ke ruɗuwa da cusa kalmomi, bai kamata mu bar ta ta zaɓa mana mutane ta hanyar ƙirga kalmomi ba. Sabon shiga, wanda takardarsa ba ta da sunayen kamfanoni, shi ne na farko da take zubarwa.

Wanda ya yi sa'a aka ɗauke shi ma, sau da yawa kukansa bai ƙare ba. Ko dai a jibga masa asusu goma sha a makon farko ba mai duba shi, ko a zaunar da shi shekara guda yana kwafe lambobi daga wannan jadawali zuwa wancan ba wanda ya gaya masa ma'anarsu. Na farkon haɗari ne gare ku. Layi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a fayil ɗin robots.txt, wanda ke gaya wa injin bincike inda zai shiga a shafi, yana iya hana injin bincike shiga shafi gaba ɗaya. Sifili ɗaya da ya ƙaru a kasafin yini yana iya cinye kuɗin mako kafin gari ya waye. In haka ta faru, yaron ake kora, alhali wanda ya ba shi asusun ba tare da mai dubawa ba shi ya fi cancantar tambaya.

Mafi muni shi ne inda ake koya musu hanyar da ba ta ɓullewa. Ana sa sabon shiga ya sayi mahaɗai daga shafukan banza, ko ya yi wa abokin ciniki alkawarin matsayi na ɗaya, bayan Google ya rubuta ƙarara cewa ba wanda zai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya. Kun tuna abin da ya faru da kantin J.C. Penney a Fabrairun 2011, lokacin da jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗai da aka dasa masa a shafukan da ba su da alaƙa da kayansa. Google ya tura shi can ƙasa a sakamakon bincike, kantin ya ce bai san da zancen ba, ya sallami kamfanin da ke masa aikin. Babban kanti ya iya jure wannan. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ba, kuma matashin da aka tarbiyyantar a kan wannan hanya zai ɗauke ta zuwa duk inda ya je.

Na san kuna da naku dalilan, kuma ba zan yi kamar ban san su ba. Ribar kamfanin talla ba ta da yawa. Kuɗin da ke cikin asusun amanar wasu ce. Horar da mutum yana cin lokacin manyan ma'aikata, kuma sau da yawa da zarar ya iya sai wani kamfanin ya ɗauke shi da ƙarin albashi. Ga kuma sabon dalili: tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga, irin su tattara kalmomi, da rubuta kanun talla, da taƙaita rahoto, na'ura na yin su cikin daƙiƙoƙi. Sai wasunku suka ga babu buƙatar ɗaukar mai farawa kwata-kwata.

A nan ne nake so ku tsaya ku yi dogon tunani. Waɗannan ƙananan ayyuka su ne makarantarmu. Ni a wurin tace dogon jerin kalmomi na koyi yadda mutane ke tunani in za su sayi abu, domin wani babba ya zaunar da ni kusa da shi, yana nuna mini dalilin da ya sa ya bar wannan ya cire waccan. Yau na'ura na ba da shawara a cikin asusun talla: ƙara kasafi, faɗaɗa kalmomi, kunna wannan, kashe wancan. Wata shawarar tana da kyau, wata kuma ta fi amfanar mai sayar da tallan fiye da mai biyan kuɗinsa. Ana buƙatar mutumin da zai dubi shawarar ya ce a'a, ya kuma iya bayyana dalilinsa. Haka rubutun da na'ura ke yi, ana buƙatar wanda zai gane inda ta ƙirƙiro ƙarya game da kayan abokin ciniki. Irin wannan mutum ba ya faɗowa daga sama yana da shekara biyar na gogewa. In kowane kamfani ya ce wani ya horar, shi ya ɗauka a shirye, nan da 'yan shekaru za ku riƙa kokawa a kan tsirarun mutane ɗaya, kuna ninka musu albashi, asusun kuma na tafiya a kan shawarar na'ura ba mai tantancewa. Game da masu tafiya bayan an horar da su, abin da na gani shi ne yawanci suna tafiya ne saboda iyawarsu ta ƙaru albashinsu bai motsa ba.

Tsoron kada sabon shiga ya ɓata asusu kuwa, maganinsa na cikin manhajojin da kuke amfani da su kullum. Google Ads yana da matakan izini, ana iya ba mutum damar gani kawai ba tare da ya taɓa komai ba. Yana da tarihin canje-canje, wanda ke nuna wa ya canza me, kuma yaushe. Yana da tsarin gwaji, inda ake ware wani kaso na tallan a gwada sabon tunani a kansa. Google Analytics yana da asusun koyo mai bayanan kanti na gaske, kyauta ga kowa. Akwai kuma shirin Ad Grants, wanda ke ba ƙungiyoyin agaji da suka cancanta tallan bincike kyauta har na dala 10,000 a wata, da yawansu kuma ba su da mai kula musu da shi. Kamfanin da ya ɗauki irin wannan asusu ya ba sabon ma'aikaci a ƙarƙashin kulawar babba, ya taimaki ƙungiyar, ya kuma samu filin horo.

Saboda haka, a madadin waɗannan matasa, ga abin da muke roƙo. In kun rubuta cewa gurbi na mai farawa ne, ku cire sharaɗin shekaru. In da gaske mai shekara uku kuke so, ku faɗi haka, ku biya albashin mai shekara uku. Ku raba abin da dole mutum ya zo da shi da abin da za ku koya masa, na farkon kuma kada ya wuce abu uku ko huɗu. Ku rubuta albashin a cikin sanarwar.

Gwajinku kada ya wuce awa ɗaya ko biyu, kuma ya kasance a kan bayanan koyo, ba shafin abokin ciniki ba. Ku ba mutum jerin kalmomin bincike ku ce ya ware masu niyyar saye. Ku nuna masa jadawalin da maziyarta suka ragu a cikinsa ku tambaye shi ina zai fara dubawa. Ku sa ya bayyana wa wanda bai san sana'ar ba abin da lambobin ke cewa. In kuma kuna son aikin da zai ci kwanaki, ku biya shi, ko kun ɗauke shi ko ba ku ɗauka ba, kada kuma a yi amfani da aikin kowa sai da izininsa. Ku karɓi ƙaramin shafin da matashi ya gina da hannunsa a matsayin shaida, ku tambaye shi abin da ya gwada da abin da ya gani. Ku tabbata idon mutum ya ga takardun masu farawa kafin a zubar da su. Wanda ya zo ganawa ba a ɗauke shi ba, a rubuta masa, a gaya masa ko da abu ɗaya da zai gyara.

Wanda kuka ɗauka kuma, ku haɗa shi da babba guda takamaimai, wanda aka rage wa aiki domin ya samu lokacin koyarwa, aka kuma sa koyarwar cikin abin da ake auna shi da shi. Ku tsara masa watanninsa na farko a rubuce: lokacin da zai yi yana gani kawai, lokacin da zai fara kawo shawara, lokacin da za a ba shi ƙaramin asusu. Ku gaya masa tun ranar farko lokacin da za a sake duba albashinsa da abin da zai yi ya cancanci ƙari. Ku da kuke da ƙungiyoyin sana'a da tarukan shekara, muna roƙon ku sa wannan batu a ajandar zamanku na gaba, ku gayyato masu neman aikin su yi magana da bakinsu, ku fitar da ƙa'ida a rubuce kan aikin gwaji wadda kamfanoni za su sa wa hannu.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa. Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a kasuwancinku.

Wassalam.

Naku,
Ma'aikaci a fagen tallan injin bincike, a madadin matasa masu neman gurbin farko.